Idan wanda ya kaɗe ka ba shi da inshora: wa ke biyan diyya a Amurka?

A shekarar 2025 jihohi da dama na Amurka sun sauya dokokinsu na inshorar mota kusan a lokaci guda. Kalifoniya ta ninka mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta wa direba tun daga 1 ga Janairu, Virginia da Utah suka ɗaga nasu a wannan rana, sannan Karolina ta Arewa da Massachusetts suka biyo baya a ranar 1 ga Yuli. Masu motoci da yawa ba su ji labarin ba sai da takardar sabunta inshora ta iso musu da ƙarin kuɗi, kuma a cikin takardar akwai wasu layuka biyu da suka daɗe suna rikita mutane, waɗanda ake taƙaita su da haruffan UM da UIM. Tambayar da ake yawan yi ita ce: tun da doka ta tilasta wa kowane direba ya mallaki inshora, don me kuma za a ce mutum ya sake biyan kuɗi domin ya kare kansa daga wanda ba shi da ita? Amsar tana cikin yadda aka gina tsarin tun asali, domin inshorar da doka ta wajabta wasu take karewa daga ɓarnar mai ita, ba ta kare shi daga ɓarnar wasu, kuma adadin da doka ta yanka ya yi ƙanƙanta ƙwarai idan aka kwatanta da kuɗin asibiti a ƙasar.

## Abin da layukan biyu ke nufi

Inshorar dole a kusan dukkan jihohin Amurka ita ce ta ɗaukar alhaki, wato irin wadda a Najeriya aka sani da inshorar ɓangare na uku. Idan mai ita ya yi kuskure ya ji wa wani rauni ko ya lalata masa dukiya, kamfaninsa ne ke biya a madadinsa, amma biyan yana da iyaka. Ana rubuta iyakar da lambobi uku. Idan aka ce 30/60/15, kamar yadda take a Kalifoniya yanzu, ana nufin kamfani ba zai biya mutum ɗaya da ya ji rauni fiye da dala 30,000 ba, ba zai biya dukkan waɗanda suka ji rauni a haɗari guda fiye da dala 60,000 a haɗe ba, sannan ɓarnar dukiya ba za ta wuce dala 15,000 ba. Duk abin da ya haura haka ya zama bashi a wuyan direban da ya yi laifi, ko yana da abin biya ko ba shi da shi.

Layi na farko, UM, kariya ce da mutum ke saya daga kamfaninsa domin ranar da mai laifin zai kasance ba shi da inshora sam. A irin wannan hali kamfanin wanda aka ji wa rauni shi ke tsayawa a matsayin kamfanin mai laifi, ya biya abin da doka za ta wajabta wa mai laifin, har zuwa iyakar da aka saya. A yawancin jihohi kariyar ta haɗa da direban da ya yi ɓarna ya tsere ba a gane shi ba, da wanda kamfaninsa ya karye, da wanda kamfaninsa ya ƙi amincewa da shi saboda motar ta sata ce ko saboda inshorar ta ƙare kafin haɗarin. Layi na biyu, UIM, yana aiki ne idan mai laifi yana da inshora amma iyakarta ba ta kai yawan asarar ba, sai ya cike giɓin ko wani sashe nasa.

Dukkansu biyu sun fi karkata ga raunin jiki: kuɗin magani, albashin da mutum ya rasa yana jinya, raguwar ƙarfinsa na neman abinci a gaba, da diyyar raɗaɗi da wahalar da ya sha. Gyaran mota kuwa wani layi ne daban da ba kowace jiha ke da shi ba, kuma inda yake sau da yawa ɗan ƙarami ne. A Kalifoniya bai wuce dala 3,500 ba, a Teksas kuma mai mota ne ke fara biyan dala 250 daga aljihunsa kafin kamfani ya ɗora.

Wani abu da mutane kan manta shi ne cewa wannan kariya galibi mutum take bi, ba mota kaɗai ba. Wanda aka rubuta sunansa a inshorar, da danginsa da ke zaune tare da shi a gida guda, suna iya cin gajiyarta ko da suna tafiya a ƙasa ne ko suna kan keke lokacin da mota ta kaɗe su.

## Yadda aka zo nan

Massachusetts ce ta fara tilasta inshorar mota a shekarar 1927, kuma kusan shekara 30 babu jihar da ta bi sahunta har sai da New York ta kafa tata dokar a 1956, Karolina ta Arewa ta biyo a 1957. A tsakanin waɗannan shekaru yawancin jihohi sun dogara ne da dokar da ba ta tambayar direba shaidar iya biyan diyya sai bayan ya riga ya yi haɗari, abin da ya sa wanda aka fara kaɗewa kan tashi a tutar babu. Da motoci suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai matsin lamba ya ƙaru a kan majalisun jihohi cewa su wajabta inshora ko su kafa asusun gwamnati na biyan waɗanda ba su da mai biyansu.

Kamfanonin inshora ba su so ko ɗaya daga cikin biyun ba, domin suna ganin tilastawa za ta jawo gwamnati ta riƙa yanka musu farashi, ta kuma sa su karɓi direbobin da ba sa so. Mafitar da suka kawo a tsakiyar shekarun 1950 ita ce wannan kariya ta UM: mai hankali ya ƙara ɗan kuɗi, kamfaninsa ya tsaya masa idan marar inshora ya kaɗe shi. New Hampshire ta zama ta farko da ta sa ta cikin doka a 1957, kuma har yau ita ce jihar da ba ta tilasta wa kowane direba sayen inshora ba. Daga baya sauran jihohi suka wajabta inshorar alhaki, amma kariyar da aka ƙirƙiro don kauce wa tilastawar ba ta ɓace ba, saboda dokar tilastawa ba ta kawar da marasa inshora daga kan tituna ba. Kariya ta biyu, ta cike giɓi, ta yaɗu ne a shekarun 1970 zuwa 1980, lokacin da hauhawar farashi ta cinye darajar iyakokin da aka yanka tun da daɗewa.

Kalifoniya ta isa misali a kan wannan. Ta yanka iyakar 15/30/5 a shekarar 1967 kuma ba ta taɓa ta ba sai 2025. Dala 15,000 ta 1967 ta haura dala 130,000 a kuɗin yau, saboda haka sabuwar iyakar ta dala 30,000, duk da cewa ninki biyu ce a lamba, ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na darajar ta asali ba. Pennsylvania har yanzu tana kan 15/30/5. Filorida kuwa ba ta wajabta wa yawancin direbobi inshorar raunin da za su ji wa wasu ba ko kaɗan. Abin da take nema shi ne dala 10,000 ta jinyar mai mota da kansa da dala 10,000 ta ɓarnar dukiya.

## Yawan marasa inshora da dalilansa

Cibiyar binciken harkokin inshora ta IRC, wadda kamfanonin ne ke ɗaukar nauyinta kuma alƙalumanta ne kusan kowa ke amfani da su, ta ƙiyasta cewa kashi 12.6 cikin ɗari na direbobin Amurka ba su da inshora a 2019. Adadin ya kai kashi 14 a 2022, ya kuma kai 15.4 a 2023. Da ta haɗa su da waɗanda inshorarsu ba ta isa ba, sai ta samu cewa direba ɗaya cikin uku ya faɗa ɗaya daga cikin rukunan biyu a 2023. Bambanci tsakanin jihohi yana da girma: a 2019 Misisipi tana da kashi 29.4, New Jersey kuma kashi 3.1 kacal. Sai dai ƙaramin adadin na New Jersey yana da nasa bayanin, domin jihar ta ba da damar sayen inshora mai arha wadda kariyarta ga wanda aka kaɗe kaɗan ce ƙwarai, ta yadda direba zai fita daga lissafin marasa inshora ba tare da wanda ya ji wa rauni ya samu abin kirki ba.

Babban dalili shi ne tsada. A ƙarshen 2023 da farkon 2024 alƙaluman gwamnatin tarayya sun nuna kuɗin inshorar mota ya tashi da fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekara guda, sakamakon tsadar kayan gyara, da na'urorin zamani da ke jikin motoci, da ƙaruwar munanan haɗurra bayan annobar korona. A yawancin garuruwan Amurka wanda ba shi da mota ba shi da hanyar zuwa aiki, don haka wanda kuɗi ya yanke masa ba ya ajiye motar, inshorar yake bari ta mutu. Wasu kuma sukan saya don su sami rajistar mota, su daina biya bayan wata ɗaya ko biyu. Akwai kuma waɗanda aka ƙwace wa lasisi, da baƙi marasa takardun zama a jihohin da ba sa ba su lasisin tuƙi, waɗanda samun inshora ke yi musu wuya ko da suna so. Matsalar tserewa bayan haɗari ta ƙara dagula lamarin. Gidauniyar bincike ta ƙungiyar masu motoci ta AAA ta ƙidaya mutum 2,049 da suka mutu a irin waɗannan haɗurra a 2016 kaɗai.

A takarda, wanda aka ji wa rauni yana da damar kai mai laifi kotu. A aikace, mutumin da ya kasa biyan kuɗin inshora da wuya a samu kadarar da za a kama a hannunsa, kuma yana iya neman kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye, bashin ya faɗi, in ban da inda ya ji wa mutum rauni yana tuƙi cikin maye, wanda dokar tarayya ta hana yafe irin wannan bashi. Shi ya sa lauyoyin da ke aiki bisa kaso daga abin da aka samu ba sa karɓar irin wannan ƙara sai sun ga akwai inshorar da za a bi.

## Lissafin da ke raba jiha da jiha

A nan ne ruɗani ya fi yawa, domin mutum biyu na iya sayen adadi ɗaya, su yi haɗari iri ɗaya, amma a biya su kuɗi daban saboda kawai jihohinsu sun bambanta. A ɗauki misalin wata mata da aka kaɗe, asararta ta kai dala 120,000, mai laifin yana da iyakar dala 30,000, ita kuma ta sayi kariyar cike giɓi ta dala 100,000.

A jihar da ke bin tsarin ragewa, kamar Kalifoniya da New York, ana cire abin da mai laifi ya biya daga iyakarta. Kamfaninta zai ba ta dala 70,000, jimilla ta samu 100,000, ta ɗauki asarar 20,000 da kanta. A jihar da ke bin tsarin ɗorawa, kariyarta tana hawa ne a kan ta mai laifi, don haka kamfaninta zai biya ragowar dala 90,000 gaba ɗaya, asararta ta rufe.

Bambancin ya fi tsanani ga mai ƙaramin ƙarfi. Da matar ta sayi kariya mafi ƙanƙanta, wato dala 30,000, to a tsarin ragewa ba za ta samu ko sisi daga kamfaninta ba, tun da abin da mai laifi ya biya ya yi daidai da iyakarta, alhali tana biyan kuɗin wannan layi duk wata. Kotun ƙolin jihar New Mexico ta duba wannan batu a 2021 a shari'ar Crutcher da kamfanin Liberty Mutual, ta ce irin wannan kariya tana iya yaudarar mai saye, ya zaci yana da abin da kusan ba zai taɓa samu ba, ta kuma wajabta wa kamfanoni su bayyana hakan ƙarara. Wasu jihohi sun bi ta hanyar majalisa: Jojiya ta mai da tsarin ɗorawa ya zama na asali tun 2009 sai dai in mai saye ya zaɓi akasinsa, Virginia ta yi haka daga Yulin 2023, Karolina ta Arewa kuma ta soke ragewar a Yulin 2025 a daidai lokacin da ta ɗaga iyakarta zuwa 50/100/50. Ga wanda ya ji mummunan rauni, wannan sauyi na iya fin ɗaga iyakar kanta amfani, ko da yake bai samu kulawar kafafen labarai kamar ɗaga iyakar ba.

Akwai kuma batun haɗa iyakokin motoci. Wanda ke da mota biyu, kowace da kariyar dala 50,000, a wasu jihohi yana iya haɗa su ya nemi 100,000 a haɗari guda. A Filorida da Pennsylvania hakan ne asali, sai idan mai saye ya sa hannu ya yafe don a rage masa kuɗi. Wasu jihohin kuma sun ƙyale kamfanoni su hana haɗawar. Kimanin jihohi 20 da birnin Washington sun wajabta kariyar UM. A mafi yawan sauran, kamar Teksas da Kalifoniya, dole ne kamfani ya gabatar da ita, kuma ba ta fita daga yarjejeniya sai mai saye ya ƙi ta a rubuce. Mutane da yawa sun sa hannu a wannan takardar ƙi a intanet cikin gaggawa, ba su san abin da suka yafe ba sai bayan haɗari.

## Bayan haɗari: kamfaninka ya koma abokin shari'arka

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne sauyin matsayin kamfaninsu. Tun da ya tsaya a madadin mai laifi, yana da damar kawo duk hujjar da mai laifin zai kawo. Zai iya cewa wanda ya ji rauni yana da nasa kason laifi, ko ciwon bayansa tsoho ne, ko jinyar ta wuce kima. Zai iya neman bayanan asibiti na shekarun baya, ya sa likitan da shi ya zaɓa ya duba majinyacin, ya kuma yi masa tambayoyi bisa rantsuwa. Doka ta ɗora wa kamfani wajibcin yi wa abokin cinikinsa adalci, kuma a jihohi da dama ana iya cin tararsa idan ya ja ƙafa ba bisa dalili ba, amma ƙarfin wannan kariya ya bambanta. A Teksas, kotun ƙolin jihar ta yanke a 2006, a shari'ar Brainard, cewa biyan kuɗin cike giɓi ba ya wajaba a kan kamfani har sai an samu hukuncin da ya tabbatar da laifin ɗaya direban da yawan asarar, abin da ke nufin mai rauni na iya shafe shekaru yana jira. A Kalifoniya da wasu jihohi kuma ba kotu ake zuwa ba, mai shiga tsakani ne ke yanke saɓanin.

Kura-kurai guda uku ne suka fi jawo asarar haƙƙi. Na farko shi ne jinkirin sanarwa. Idan mai laifi ya tsere, dokar Kalifoniya ta nemi a kai rahoto ga 'yan sanda cikin awa 24, a kuma miƙa wa kamfani bayani bisa rantsuwa cikin kwana 30. Haka nan ta shar'anta cewa sai motar da ta tsere ta taɓa motar mai ƙorafi ko jikinsa. Wanda ya kauce wa wata mota ya faɗa rami ba tare da sun gogu ba ba shi da komai a ƙarƙashin wannan layi. An sa sharaɗin ne don hana ƙirƙirar haɗarin ƙarya, amma yana cutar da masu gaskiya, shi ya sa wasu jihohi suka maye gurbinsa da neman shaida mai zaman kansa.

Na biyu shi ne sasantawa da kamfanin mai laifi ba tare da izini ba. Sau da yawa wancan kamfanin yakan yi saurin miƙa dukkan iyakarsa, ya nemi a sa hannu cewa an sallami direbansa daga duk wani bashi. Kuɗin na zuwa ne lokacin da mai jinya ya fi buƙata, ga takardun asibiti sun taru, ga aiki ya tsaya. Amma kamfanin mai rauni yana da haƙƙin bin mai laifi bashin duk abin da ya biya, kuma sa hannun yana kashe wannan haƙƙi, don haka yawancin yarjejeniyoyi sun ce wanda ya sasanta ba tare da rubutaccen izinin kamfaninsa ba yana iya rasa kariyar cike giɓi ɗungurungum. Hanyar da doka ta tanada a jihohi da yawa ita ce a sanar da kamfani tayin a rubuce, a ba shi wa'adi ya amince ko ya biya adadin daga aljihunsa ya riƙe damarsa ta bin mai laifi.

Na uku shi ne wa'adin shigar da ƙara, wanda a Kalifoniya shekara biyu ne daga ranar haɗari idan mai laifi marar inshora ne, kuma tattaunawa da ma'aikacin kamfani ta wayar tarho ba ta dakatar da shi.

Ko bayan an biya, ba duka kuɗin ke shiga hannun mai rauni ba. Lauya yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma inshorar lafiya ko shirin gwamnati da ya biya asibiti yakan nemi a mayar masa da abin da ya kashe. Wannan ne amsar masu cewa tun da suna da inshorar lafiya ba sa buƙatar UM: inshorar lafiya tana biyan likita, amma ba ta biyan albashin watannin jinya, ba ta biyan diyyar nakasa, ba ta kuma ba iyalin mamaci komai.

## Matsayin ɓangarori

Lauyoyin masu neman diyya da ƙungiyoyin waɗanda haɗari ya shafa suna goyon bayan ɗaga iyaka da soke tsarin ragewa. Hujjarsu ita ce wanda ya yi ɓarna shi ya kamata ya biya, kuma ƙaramar iyaka tana tura nauyin ne kan wanda bai ji ba bai gani ba, da asibitoci, da masu biyan haraji. Masu sukarsu na nuna cewa lauyoyin suna da tasu riba a ciki, tun da kasonsu yana girma da girman iyaka.

Ƙungiyoyin kamfanonin inshora sukan yi gargaɗin cewa ɗaga iyaka yana ƙara kuɗi a kan talaka, wanda shi ne ke sayen mafi ƙanƙanta, kuma idan ya gaza sai ya daina biya, a ƙare da ƙarin marasa inshora. Sun fi son a tsaurara bincike ta hanyar haɗa rumbun bayanan kamfanoni da na hukumar rajistar motoci, da kuma dokokin da ke rage wa marar inshora haƙƙin diyya ko da shi aka kaɗe. Masu zaɓe a Kalifoniya sun amince da irin wannan doka a 1996, wadda ta hana direba marar inshora karɓar diyyar raɗaɗi, ta bar masa kuɗin magani da asarar albashi kawai.

Masu kare haƙƙin masu saye suna ganin tushen matsalar yana cikin yadda ake yanka farashi. A yawancin jihohi kamfani na duba unguwar mutum da tarihin biyan bashinsa, ta yadda direba mai tsabtataccen tarihi a unguwar talakawa zai iya biyan fiye da mai kuɗin da ya taɓa yin haɗari. Kalifoniya da Hawaii da Massachusetts sun hana amfani da tarihin bashi, kuma Kalifoniya tana da shirin inshora mai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma hujjar kamfanoni tana da rauni a wuri guda: inshora mai arha da ba ta biyan ko kwanakin farko na asibiti tana rage adadin marasa inshora ne a rahoto, asarar kuwa tana nan, sai dai ta koma layin UIM na wani direban, wanda shi ma kuɗinsa zai tashi.

## Wanda ya fi jin jiki, da yadda wasu ƙasashe suka yi

Tsarin da ya dogara da kowa ya sayi kariyarsa yana barin wanda ba shi da mota a fili. Mai tafiya a ƙasa da babu mai inshora a gidansu ba shi da layin UM da zai nema. New York ta kafa hukumar MVAIC a 1958 domin irin waɗannan mutane, amma abin da take biya bai wuce mafi ƙarancin iyakar jihar ba, kuma yawancin jihohi ba su da makamanciyarta. Masu tuƙin haya da Uber ko Lyft da masu kai saƙon abinci, sana'ar da baƙi da yawa daga Afirka ta Yamma ke yi a New York da Houston da sauran birane, suna da tasu matsalar: inshorar mota ta gida galibi ta cire duk haɗarin da ya faru ana aikin haya, kariyar kamfanin manhajar kuma tana sauyawa gwargwadon jiha da kuma ko akwai fasinja a motar ko ana jiran kira ne. Direban da bai sayi ƙarin kariya ta musamman ba yana iya samun kansa babu mai biyansa ta kowane ɓangare.

Birtaniya ta bi wata hanya tun 1946, inda kamfanoni suka kafa hukumar MIB da ke biyan duk wanda marar inshora ya kaɗe, daga baya aka haɗa da waɗanda mai laifinsu ya tsere, kuma kowane kamfani yana zuba mata kuɗi gwargwadon kasuwarsa. Faransa ta kafa asusu makamancin haka a 1951. A waɗannan ƙasashe ma masu biyan inshora ne ke ɗaukar nauyin a ƙarshe, bambancin shi ne kariyar ta game kowa, har da yaron da ke tsallaka titi, ba sai wanda ya san ya saya ba.

Najeriya a bisa doka ta fi kusa da wannan tsari na biyu. Dokar inshora ta 2003 ta tanadi asusun da zai biya waɗanda motar da ba ta da inshora ko wadda ba a gane ba ta kashe ko ta nakasa, kuma sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta sake tanadar asusun biyan waɗanda haɗarin mota ya shafa. Hukumar NAICOM mai kula da harkokin inshora a ƙasar ta ɗaga kuɗin inshorar ɓangare na uku na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ta kuma ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3, sannan 'yan sanda suka fara tilasta dokar a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. Matsalar can ta sha bamban da ta Amurka, domin direbobi da yawa suna riƙe da takardar bogi da suka saya a bakin ofishin lasisi don wucewa shingen bincike, kuma yawancin haɗurra ana sasanta su ne tsakanin dangi ko a ofishin 'yan sanda ba tare da an tuntuɓi wani kamfani ba. Wanda motar da ke ɗauke da takardar bogi ta kaɗe yana cikin hali ɗaya da wanda marar inshora ya kaɗe, kuma tun da ba a saba sayar da irin layin UM a kasuwar Najeriya ba, asusun da doka ta tanada da aljihun mai laifin su ne kawai wuraren da zai iya neman diyyar rauninsa.